Kongilato na jan hannu: a buɗe a gida ko a kira mai gyara?

Maman Biyu, Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Shawara nake nema wurin masu sani. Kongilaton da nake yin ƙanƙara da lamurje da shi ya fara jan hannu. In na taɓa murfin ba komai, amma da hannuna ya kai ga ƙarfen baya sai in ji zirr har gwiwar hannu, balle in na fito daga wankin robobi. Sanyi kuwa yana yi lafiya lau. Babban yarona da ke lise ya ce ya ga yadda ake yi a YouTube, waya ce kawai ta saɓule, zai kwance bayan ya naɗe ta da baƙin salatif. Ni dai gabana na faɗuwa. Amma kun san yanzu ne kasuwar ƙanƙara, in na kashe shi, cefanen gida ne ya tsaya. In bar shi ya buɗe?

Mai Sanyi, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo ga maganar wa zai buɗe, don Allah ki tashi ki zare shi daga wuta yanzu, kada ki ce sai wannan zubin ya daskare. Wuta ce ke zuba a jikin ƙarfen. Ko ɓera ya ci waya, ko ruwa ya shiga wajen rilai, ɗan makunnin da ke tayar da injin, ko kuma wayoyin da ke cikin kwamfaresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, sun fara ƙonewa suna taɓa jikinsa. In na ƙarshen ne, yaron zai duba duk bai ga komai ba, don kwamfaresa a rufe yake ruf, sai da na'urar awo ake ganewa. Zai mayar da murfi ya ce ya gyara, hankalinki ya kwanta, wutar kuwa tana nan.

Ɗan Zango:
Maigida ka fara ke nan. Komai sai a ce a kira ku. Baiwar Allah nan ribarta a leda ɗaya nawa ce? Kai in ka zo, kuɗin kabu-kabu daban, kuɗin dubawa daban, kafin a taɓa komai jaka biyu ko uku ta tafi. Ni fankar ɗakina, dutsen guga, ralonji, duk da hannuna nake gyarawa, ga ni nan lafiya. Ku ɗin ma ai da buɗe-buɗe kuka koya. In an zare daga piriz, wace wuta ta rage kuma?

Baba Mai Rediyo, Kasuwar Dole:
Ɗana, tambayarka ta ƙarshe ita ta sa na sa baki, don ita ce ke kai mutane kabari. Akwai kayan da ko an zare su wuta na nan a ciki. Cikinsu akwai wani abu da muke cewa kondansato, aikinsa tara wuta. Mu mutanen Damagaram ba sai an wahala wajen yi mana bayani ba: an ɗauke ruwan famfo, amma randa cike take.

Tsohuwar tele mai ƙusumbi, irin wadda har gobe ake kallo a gidaje da yawa, wayar nan mai kauri da ke manne da gilashi da faifan roba tana ɗaukar bolt wajen 25,000, kuma gilashin kansa na riƙe wuta bayan an kashe. Sannan babu iska a cikinsa, in wuyansa ya fashe ɓaraguzai tashi suke yi. Na'urar ɗumama abinci, mikro-ond, ta fi duka mugunta: kondansatonta na riƙe fiye da bolt 2,000, kuma tiransifomanta in yana aiki ba ya ba mutum damar ja da baya. An sa mata abin da ke zubar da wutar da kansa, amma in ya mutu ba alamar da za ka gani daga waje. Ko sabuwar tele sharɓeɓiya, ko dikoda, ko cajar kwamfuta, babban kondansaton da ke bakin shigar wuta yana tara bolt sama da 300.

Akwai wani turnabis da nake ajiyewa a gefen tebur. Bakinsa ya narke, gefe ɗaya ya gutsure, ya yi baƙi. Wani yaron shagona ne ya haɗa ƙafafun kondansato da shi a cikin allon da aka zare tun da safe. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, shi nake fara miƙa masa ya juya ya gani kafin ya taɓa komai.

Gaskiya ne da buɗe-buɗe muka koya, amma da maigida tsaye a kanmu yana buge mana hannu.

Maman Biyu, Garin Malam:
Innalillahi. Baba na gode. Na zare shi, na kwashe ledojin na kai maƙwabta. Yaron ma na hana.

Ɗan Zango:
Baba na ji, kuma ban musa maganar tele da mikro-ond ba. Amma wannan zirr ɗin da Hajiya ke faɗa, wa wuta ba ta taɓa ja ba a garin nan? In tana kisa haka da sauƙi da rabinmu mun tafi.

Mushen Fizik:
Ƙanena, bari in ba ka lissafin, kai ka yi hukunci. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Abin da ke ratsa jikinka ya dogara da yadda fatarka ta tare ta. Busasshiyar fata mai kanta tana tarewa sosai, shi ya sa ka ji zirr ka janye. Jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, tariyar na iya sauka zuwa om 1,000 (om shi ne ma'aunin tariyar wuta). Raba 220 da 1,000, ka sami miliampa 220, wato yawan wutar da za ta ratsa jiki.

To mutum yana fara jin wuta tun daga miliampa 1. Daga wajen 10 zuwa 15 tsokar hannu ke damƙewa, ka so ka saki ka kasa. A wajen 30 numfashi na iya tsayawa in abin ya daɗe. Daga 50 zuwa 100, in ta bi ta ƙirji, zuciya ta rikice ta daina tura jini. Ƙaramin ƙwan fitila na wat 10 yana jan wajen miliampa 45, ka ga ke nan ba wata babbar wuta ake buƙata ba.

Ranar da ta ja ka ka tsira, silifas ne a ƙafarka, hannunka a bushe. A wannan zafin na Afrilu da Mayu da gumi ke zuba, ga mai sana'ar ƙanƙara da hannunta ba ya rabuwa da ruwa, lissafin ya canza. Ga ƙananan yara da ke zuwa sayen lamurje ba takalmi, su jingina da ƙarfen.

Alhaji na Birni:
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ku masu gyara ku faɗi naku laifin. Me ke sa mutum ya ɗauki turnabis da kansa? Ni na kai firigona wurin wani, ya yi wata guda a shago, da ya dawo sai na tarar an musanya mini kwamfaresa mai kyau da wani tsoho, bai yi sati ba ya tsaya. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ko ka ce masa wuta na kisa zai ce gara ya gwada. Rashin amana ne ya kawo wannan, ba son wasa da rai ba.

Mai Sanyi, Sabon Gari:
Alhaji Allah ya ba ka haƙuri, akwai irinsu a cikinmu, ba zan rufe ba. Maganinsu shi ne a yi aikin a gidanka a gabanka in zai yiwu. In dole sai an kai shago, ka ɗauki hoton takardar da ke manne jikin kwamfaresa da lambarta, kuma duk abin da aka ce an canza a ba ka tsohon a hannu. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Tunda an kawo maganar firigo, akwai abin da ya fi jan hannun nan damuna. Yawancin firigon da ke shigowa yanzu, sababbi da ƴan okazon na Turai, gas ɗinsu R600a ne. Ku leƙa baya za ku ga an rubuta, sau da yawa da alamar harshen wuta a kan takarda ruwan ɗorawa. Isobitan ne, ɗan'uwan gas ɗin girki, kuma ba a sa masa warin nan da ke sa a gane yoyon gas ɗin kicin. Wasu sababbin kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma R290 ne, shi ma yana kamawa.

Yanzu ku dubi abin da ake yi a gidaje. Ƙanƙara ta cika firigo, sai a ɗauko wuƙa ana sara. Bututun da gas ke bi siriri ne, a jikin bangon yake. Wuƙa ta huda, ka ji fisss, gas ya taru a ɗaki a ƙasa-ƙasa don ya fi iska nauyi. Ga kurfoti da garwashi a bakin ƙofa, ko wani ya kunna fitila ta yi tartsatsi. In haka ta faru a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara, kada a kunna ko a kashe komai. Shi kuwa narkar da ƙanƙara, a zare, a bar ƙofa a buɗe, a sa kwanon ruwan ɗumi a ciki, ta sauko da kanta.

Masu cewa za su yi walda da kansu su ƙara gas, su ban ma san me zan ce musu ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni abin da ke biyo baya nake gani, don haka bari in faɗi nawa. Ƙunar wuta tana yaudara. Za a kawo mutum da ɗan tabo fari a tafin hannu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wani kuma a tafin ƙafa inda ta fita. Ƴan'uwa su ce ai ba komai. Amma tsakanin tabon nan biyu wutar ta bi ta cikin nama. Wani sai daga baya hannu ya kumbura ya yi tauri, fitsari ya yi duhu saboda tsokar da ta lalace, ƙoda ta shiga wahala.

In kun ga wuta ta kama mutum, don Allah kada ku cafke shi, za ku zama ku biyu. A kashe daga babban dizonkita, makunnin da ke yanke wutar gida duka, ko a zare piriz. In ba hali, a ture shi da busasshen katako, mai turewa na tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Wani ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ƴan mintunan farko su ne komai.

Ɗura madara ko manja a bakin wanda ya suma ba magani ba ne, shaƙe shi zai yi. Turbuɗe shi cikin rairayi wai ƙasa ta tsotse wutar ɓata lokaci ne, wuta ba ta zama a jikin mutum bayan an raba shi da waya. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta za a zuba mata kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba. Wanda ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yake jin ciwon ƙirji ko bugun zuciya, da mace mai ciki, da yaro, a kai su asibiti ko sun ce sun warware.

Ɗan Zango:
Yaya na gode, wannan na danna ƙirji ban san adadinsa ba sai yau. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Ba zai yiwu a ce talaka kada ya taɓa komai ba. In fanka ta rage gudu a wannan zafin, kondansatonta ɗari biyar ne ko ƙasa da haka a kasuwa, waya biyu ce. In kira mutum saboda wannan?

Tsohon Ma'aikacin Wuta, Karkada:
A nan ina bayanka, ɗana. Ban yarda a tsorata mutane har su kasa canza ƙwan fitila ba. Goge ƙurar da ke toshe ƙarfen bayan firigo, wanke tacin kilim, canza kan waya da ya ƙone, canza kondansaton fanka, duk mai hankali zai iya in an nuna masa sau ɗaya. Ƙurar hunturun nan tamu ma ita ke kashe kaya da yawa, share ta kawai gyara ne.

Amma fankar sama da ka ambata, a nan mutane ke faɗawa. Ka kashe makunnin bango ka hau kujera kana ganin ba wuta. A gidaje da yawa wanda ya ja wayar ya sa makunnin a kan nitir, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon faz, wayar da ke kawo wutar. Fanka ta tsaya, amma wayar da ke sama da ranta. Ta ja ka, ko ba ta kashe ka ba ka faɗo daga kan kujerar ƙarfe da ka. Saboda haka daga dizonkita ake kashewa, ka faɗa wa mutanen gida kada wani ya mayar, in da hali ka sa yaro ya tsaya a wurin. Sannan ka gwada wayar. Turnabis mai ƴar fitila a ciki ba abin dogaro ba ne sosai, a cikin hasken rana ma ba ka ganin ko ta kama. Ka fara gwada shi a piriz ɗin da ka san da wuta, ka tabbatar yana aiki. Ka cire zobe da agogon ƙarfe. Sabon kondansaton kuma lambarsa ta zama daidai da ta tsohon.

Abin da na fi gani yana cinye gidaje ba ma buɗe na'ura ba ne, dabarun nan ne da muka mayar ba komai ba. Fis ya ƙone, a naɗa masa zaren tagulla mai kauri. Ai don ya ƙone aka yi shi, ya mutu a madadin gidan. In ka hana shi, wayar cikin bango ce za ta yi zafi. Kan waya ya lalace, a cusa tsirarar waya cikin piriz a tokare da tsinken ashana. Kongilato da dutsen guga da hita duk a kan ralonji ɗaya mai siririyar waya, an bi da ita ƙarƙashin tabarma. Ku taɓa ralonjinku bayan awa ɗaya, in da ɗumi to tana gaya muku wani abu.

Kontar, wato mitar wuta, da abin da ke gabanta zuwa turke kuwa na kamfanin wuta NIGELEC ne, ba hurumin kowa ba ne.

Mai Sola:
Kawu ka bar namu ɓangaren. Tun da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023, kafin a maido a Maris na 2024, gidaje da yawa suka koma sola da batir da gurup, wato janareto, kuma da yawa da hannunsu suka haɗa. Mutane na raina batir wai bolt 12 ne, ba ya ja. Gaskiya ba ya jan hannu, amma in sifana ta haɗa kawunansa biyu, ɗaruruwan ampa ke bi a take, ƙarfe ya yi ja. In zobe ne a yatsa, ya ƙone har ƙashi. Batir mai ruwa in yana caji yana fitar da iskar haidirojin, tartsatsi kaɗan ya fashe ya watsa asid a fuska. Amma sai ka shiga ɗakin kwana ka tarar da shi a ƙarƙashin gado, taga a rufe. In asid ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa, sannan asibiti.

Panno, wato faifan sola, kuma ba shi da makunni. Muddin akwai rana yana ba da wuta, in an jera da yawa bolt ɗin na haɗuwa ya kai ɗaruruwa. Kwambatisa, mai mayar da wutar batir ta gida, shi ma 220 yake fitarwa, irin ta gida sak, kuma da kondansato a cikinsa.

Mushen Fizik:
Ƙari a kan batir: masu fasa tsofaffi a tsakar gida suna narka darma su daina. A Thiaroye da ke gefen Dakar, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu saboda gubar darma daga wannan sana'ar. Ƙurar na zama a ƙasar da yara ke rarrafe, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwarsu tun kafin a ga alama.

Ƴar Jami'a:
Don Allah batirin wayata ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Wata ƙawata ta ce a huda shi da allura iskar ta fita ya koma daidai. Haka ne?

Baba Mai Rediyo, Kasuwar Dole:
A'a ƴata, kul! Batirin litiyom in aka huda shi ko aka lanƙwasa, yana iya kama wuta nan take, da hayaƙi mai guba. Kada ki ƙara sa shi caji, kada ki danne shi, kada ki kwana da shi kusa da kai. Ki kashe wayar ki ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, ki kai a canza. Ko mu da muke cirewa da abin roba muke ɓamɓarowa a hankali, ba da wuƙa ba.

Alhaji na Birni:
To gurup fa? Maƙwabcina waya ya yi mai kai biyu, ɗaya a gurup ɗaya a piriz ɗin ɗaki, gida duk ya haska. Ya ce in ya tuna yana sauke dizonkita.

Tsohon Ma'aikacin Wuta, Karkada:
Alhaji, "in ya tuna" ɗin nan ne ya tayar mini da hankali. Ranar da ya manta, wutar gurup ɗinsa za ta fita ta bi layi. Ma'aikacin da ya hau turke ya san an kashe layin, ya kama waya da gaba gaɗi. Ɗan wani ne, mijin wata ne, bai san maƙwabcinka ba balle ya yi masa laifi. In kuma wutar gari ta dawo ta tarar da gurup a kan layi, gurup ɗin da kayan gidan ne za su ƙone. Kan wayar da ke hannunsa ma, in ɗaya na cikin gurup, ƙarafunan ɗayan tsirara suke da wuta. Akwai abin sauya layi da ake sawa, ambasa, wanda ba ya barin wuta biyu su haɗu ko an manta. Ka je ka same shi, ka gaya masa da girma da arziki. Kuma gurup a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba a gani ba a jin warinta, tana kashe mutane cikin barci, ko a zaure ne in ƙofa a rufe take.

Ɗan Zango:
Kawu, tambaya ta gaskiya. Mu da ba za mu daina taɓa ƙananan gyare-gyare ba, akwai abin da za mu sa a gida ya kare mu? Na ji ana maganar ter.

Tsohon Ma'aikacin Wuta, Karkada:
Abu biyu ne, kuma tare suke aiki. Na farko ter, wato waya ta uku mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda ke haɗa jikin ƙarfen na'ura da sandar da aka kafa a ƙasa. In wuta ta zuba a jikin firigo sai ta sami hanya ba ta jikin mutum ba. Gidajenmu da yawa ba su da ita sam, wasu kuma piriz ɗin na da ƙarfen ter amma ba a haɗa shi da komai ba. Ƙasarmu ta Damagaram ga dutse ga bushewa, sanda ɗaya gajera sau da yawa ba ta isa, sai an zurfafa ko an ƙara, kuma a auna da na'ura. Kada a ɗaura ter a bututun ruwa.

Na biyu dizonkita mai gane yoyon wuta, difaransiyal, wanda aka rubuta 30 mA a jikinsa. Yana auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo, in ya ga bambanci ya yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ka duba babban da ke kusa da kontar, in 500 mA ka gani a rubuce, wannan bai isa ya ceci ran mutum ba, sai an ƙara na 30 a bayansa. Akwai jabu a kasuwa, don haka wanda ya sa maka ya gwada shi a gabanka. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T, ka riƙa danna shi duk wata, in bai yanke wuta ba ya mutu, a canza.

Wasu in ya cika yankewa sai su sa a cire shi wai yana damunsu. Yankewar na nufin akwai na'urar da ke yoyo, a zare kaya ɗaya bayan ɗaya har a gano ta. Kuma ka sani ba ya ganin wutar da ke cikin kondansato, ba ya ganin batir da panno, ba ya kare wanda ya riƙe faz da nitir a lokaci guda. Sa shi kuma ba aikinka ba ne, don wajen da za a haɗa shi kusa da shigowar wuta ne. Wannan ka biya wanda ya iya.